Bijimin da Ya Maƙale a Zauren Kawu Idi

Ku da kuka zauna da Kawu Idi kun san yadda yake yi da ashana. Ba ya ƙyasta ta haka nan kamar sauran bayin Allah. Sai ya ajiye allura da rigar da yake wa aiki, ya ciro tsohuwar reza daga cikin hularsa, ya tsaga tsinke ɗaya gida biyu, ya ƙyasta rabi, ya mayar da rabi cikin kwali. In ka yi dariya ya harare ka ta saman tabarau, ya ce, "Yana da sauran aiki." Tsumma, marfin kwalba, silifas ƙafa ɗaya, duk suna da sauran aiki. Ni Lawal, ɗan ƙanwarsa, na taɓa jefar da wani yagaggen soson wanka a gidansa. Wallahi har Gyallesu ya biyo ni da shi a leda, wai in nuna masa ta inda ya mutu.

To, asalin labarin da zan ba ku ba na dariya ba ne. Matarsa, Inna Hajo, ta fi shekara talatin tana toya wainar sayarwa a kan itace, cikin wani ɗan madafi da ba taga. Tari ya kama ta, irin wanda in ya taso sai ta dafa bango. Likita ya gaya wa Kawu ƙiri-ƙiri cewa ko ta rabu da hayaƙi, ko huhun ya gama. Tukunyar gas ta fi ƙarfin mai ɗinkin babbar riga. Inna kuma ta rantse ba ta barin waina sai ranar da aka fitar da gawarta.

Ana nan sai ya ji a rediyo gwamnati na raba wani tanki, bayogas suke ce masa. Ka zuba kashin shanu da ruwa, ya ruɓe a ciki, iskar da ta taso ta biyo tiyo zuwa murhu, ka kunna, ga wuta ba hayaƙi. Kawu ya ajiye allura ya ce, "Allahu Akbar! Ashe an samu mai hankali a gwamnati. Shekara nawa ina cewa yana da sauran aiki?"

Da yake ni ne ɗan bokon gidan, ni ya tasa gaba muka je karɓo fom. Ina cikewa na tarar da sharaɗi: sai gidan da ke da shanu aƙalla biyu.

"Kawu, sun ce shanu nawa gare ka."

"Rubuta biyu."

"Haba Kawu! Ko akuya ba ka da ita. Ina shanun?"

"Suna hanya."

"Daga ina?"

"Kai dai rubuta. Ba a biya maka kuɗin makaranta don ka riƙa yi mini tambaya ba."

Na rubuta, Allah Ya yafe mini.

Ranar da za a zo duba gida, ya je wajen abokinsa mahauci, Malam Ado, ya aro bijimai biyu. Kun dai san lungun su Kawu a can bayan Ƙofar Galadima. In mai keke ya haɗu da mai tallan goro, dole ɗaya ya koma da baya. Bijimi ɗaya yana leƙa lungun ya juya a guje, ya fi mu hankali. Na biyun kuwa, wani fari mai manyan ƙahoni, aka lallaɓa shi har ƙofar zaure. Aka karkata masa kai, ƙaho ya shige da ƙyar, tozo ya wuce, ciki ya ce bai san zancen ba. Bijimi ya maƙale, gaba a zaure, baya a lungu. Masu sayen waina shida suna cikin gida ba hanyar fita, Inna tana ta salati. Ni da Kawu muna waje, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, muna turi.

Daidai nan ma'aikaciyar shirin ta iso, wata Hajiya injiniya da fayil a hannu. Ta tsaya ta kalle mu, ta kalli bijimi.

"Baba, wannan naka ne?"

"Nawa ne, Hajiya. A hannuna ya girma."

"A cikin gidan nan yake kwana?"

"Kullum."

"To ya aka yi ya kasa shiga?"

Kawu ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Wa ya ce miki shiga yake yi? Fita yake yi, da baya. Haka na koya masa."

Kafin ta buɗe baki, bijimi ya ɗaga wutsiya ya sauke abinsa, tim, dab da takalminta. Kawu ya nuna da hannu biyu. "Kin gani ko? Har ya fara aiki."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa ji nake ƙasa ta tsage in shige. Sai tarin Inna ya taso daga cikin gida, ya daɗe bai tsaya ba. Hajiya ta daina dariya ta ce, "Wace ce wannan?" Kawu ya sauke rigarsa, ya ce a hankali, "Matata ce. Bijimin na aro ne, Hajiya. Tarin ne namu." Sai ta ce ai kashin ake bukata, ba saniyar ba. In mahaucin zai sa hannu cewa zai riƙa ba su kashi kullum, tsarin ya yarda. Da mun karanta bayan fom ɗin da mun gani. Kawu ya juyo ya ce, "Ka ji ɗan boko!" Bijimi kuwa sai da aka ɓalle ƙyaure aka karce bango kafin ya fita.

Aka kawo tanki, aka kafa, aka jira ya kama. Sai Inna ta tubure.

"Ni? In toya waina da tusar saniya? Malam, ka rasa abin da za ka kawo mini sai najasa?"

Kawu bai yi gardama ba. Ya je ya ɗauko limamin unguwa har zaure. Liman ya yi bayani ta bayan labule cewa kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, balle iskarsa. Inna ta saurara tsaf, ta yi godiya. Liman na fita ta ce, "Ya ce halal ne, bai ce dole ba." Ta koma ta hura itacenta.

Washegari da hantsi, tana gidan suna, Kawu ya yi abin da har yau ake labarinsa a unguwar. Ya fito da itacen gidan kaf, har da duwatsun murhu, ya rabar sadaka. Kawu Idi fa! Kafin la'asar zaure ya cika da masu dubiya, kowa na cewa, "Malam, ya jikin?" Inna ta dawo ta yi kwana biyu ba ta ce masa uffan ba. Amma ga ƙullu ta riga ta jiƙa, ita ma ba ta iya asara, dole ta kunna. Wainar farko shi ya ɗauka, ya tsaya a bakin lungu yana ci yana cewa duk mai jin wari ya zo ya faɗa a gabansa. Ba wanda ya zo.

Bara, bayan azumi, ciwo ya kwantar da shi. Ya sa aka kira ni, ya ce kowa ya ba mu wuri. Na ɗauka maganar gida ce. Ya riƙe hannuna ya ce, "Lawal, bokiti biyu na kashi, biyu na ruwa. Ka dama ya yi kamar kunu. In wutar nan ta mutu ko na yini ɗaya, itace za ta koma, na san halinta." Wasiyyar ke nan gaba ɗaya, don ciwon bai bar shi ya tashi ba. Shi ya sa kuke ganina kullum da bokitai a bayan mashin kafin in wuce makaranta, ɗalibaina na toshe hanci. Ku yi ta dariya, ba komai.

Watan jiya na kai Inna asibiti. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ya ɗago ya ce, "Hajiya, madalla. Ashe kin daina itacen."

Ta ce, "Ba ni na daina ba, likita. Wani mai taurin kai ne ya hana ni." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ina kewarsa, jama'a, wallahi ina kewarsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya raba Inna da hayaƙin duniya, Allah Ya raba shi da wuta da hayaƙinta. Amin.