Valdeci Ba Shi da Labari

Duk wanda ya halarci tarukan matasan coci a birnin Goiânia a shekarun 1990 ya ga Valdeci, sai dai da wuya ya tuna ya gan shi. Shi ne dogon nan da ke tsayawa can baya kusa da mai ganguna, rungume da bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu wadda ƙirji ke riga kunne jin ta. Aikin ba shi da godiya. In ya kaɗa daidai ba wanda ya sani, in ya kuskure kowa ya juya ya harari mai ganguna.

Da rana gyaran firji yake yi. Ƙungiyoyin kiɗan rok na coci kuwa ya shiga ya fita ba adadi. Wata ta watse don mawaƙin ya yi aure, wata don fasto ya ce gashinsu ya wuce ka'ida, wata kuma motar kwasar kayansu ce ta mutu, ita ma ta bi ta. Sai da ya shiga Garwashin Bagade ya ji ya iso gida. Yana son ƙungiyar nan har ransa, kuma a nan ne tsohuwar matsalarsa ta cim masa.

Al'ada ce tsakanin waƙa da waƙa makaɗa su karɓi makirufo ɗaya bayan ɗaya su ba da shaida, kowa ya faɗi irin lalacewar da ya yi kafin Yesu ya tsamo shi. Gilmar, mawaƙinsu kuma shugaba, ya sha wiwi har ya kwana hannun 'yan sanda. Mai ganguna ya taɓa sayar da talabijin ɗin kakarsa tana barci. Jama'a su yi ta kuka suna ɗaga hannuwa. In layi ya zo kan Valdeci sai ya sosa ƙeya ya ce, "An haife ni a coci, kuma, to, ina nan." A ɗan tafa masa don tausayi.

Bawan Allah ba laifinsa ba ne. Mafi munin abin da ya taɓa aikatawa shi ne cin burodin cuku a ɓoye ranar da coci ke azumi.

Wata rana bayan gwaji Gilmar ya ja shi gefe. "Ɗan'uwa, hannunka kam ba magana. Amma shaidarka ruwa take zuba mana a wuta. Akwai wani mai bes a garin Anápolis, bai kama ƙafarka ba, amma ya yi gidan yari. Gidan yari fa! Ga babban taro ran Asabar. Ka tono mana wani abu mana. Ko kaza ba ka taɓa sata ba?"

"Kazar wa?"

"Ka ji ko? Matsalarka ke nan."

Valdeci ya gane sarai: ko ya samo zunubi kafin Asabar, ko ya rasa wurinsa. Ya wuni yana gyaran firji yana harhaɗa wa kansa lalacewa, ya ari kaɗan daga wani kwastoma, kaɗan daga rediyo. Hankalinsa kwance yake ta fuska ɗaya. Mahaifiyarsa, Dona Zuleide, ba ta zuwa inda yake kiɗa, don ta ce wannan ba yabo ba ne, maƙera ce aka sa wa lantarki. Abin da bai sani ba, matan cocinsu sun roƙe ta ta zo ta taya su sayar da dafaffiyar masara.

Ran Asabar da la'asar filin ƙwallo ya cika. Makirufo ya iso hannunsa, ya rufe ido ya fara. Wai ya sha giyar rake kamar ruwa. Ya kwana a kwata. Ya sa uwarsa kuka har idonta ya ƙafe. Fili ya ɗau "Halleluya!" Tunda yake, ba a taɓa yi masa irin wannan ihu ba, kuma wallahi ya ji daɗinsa. Ya buɗe baki zai ƙara da labarin wuƙa ke nan sai wata murya ta keto daga wajen tukwanen masara.

"Ƙarya yake! Valdeci, buɗe idonka ka dube ni!"

Kafin a farga Dona Zuleide ta hau dandamali da lemarta, ta fizge makirufo. "Wannan? Giya? Yaron da ko maganin tari ya sha sai ya wuni yana layi? Wace kwata? Nuna min ita in je in gaishe ta!"

Dariya ta ɓarke. Valdeci ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta jira suka lafa. "Ubansa giya ta kashe. Ranar da muka binne shi na durƙusa na ce, Ubangiji, wannan ɗaya kam kar ka bari ya sami labarin bayarwa." Ta ɗan ɗage bakin siket ɗinta, gwiwoyi suka bayyana baƙi ƙirin, sun yi kanta. "Tun yana rarrafe nake goga su a siminti. Yau ka tsaya gaban jama'a, ɗan nan, ka ce ba a amsa min ba?"

Valdeci ya tsaya da bes a wuya yana hawaye kamar ƙaramin yaro. Kunya ce, amma ba kunya kaɗai ba. Gilmar ma hancinsa yake ta ja, kuma daga ranar bai ƙara ambaton Anápolis ba.

Yanzu Valdeci ya yi furfura, Dona Zuleide ta daɗe da rasuwa, Garwashin Bagade ma ta watse kamar sauran. Har yau yana can baya kusa da mai ganguna, yana kaɗa wa samarin da ya isa ya haife su. In makirufo ya iso gare shi ba ya ƙara sosa ƙeya.

"Ba ni da labari, 'yan'uwa," yakan ce. "Uwata ce ta hana ni."