Kwana Arba'in na Inna a Jega

Shekarar da aka ba mu jiha ce tarin maigida ya tsananta. Fataucin albasa yake yi, yana saro ta a Aliero ya sayar a Jega, kuma tun kafin aurenmu yake shan sigari. In ya tashi sallar asuba sai ya dafa bango ya yi ta tari, ni kuwa ina tsaye riƙe da buta. Malamin asibiti ya saurari ƙirjinsa ya ce masa ya zaɓa, ko taba ko numfashi.

Ya gwada goro, har haƙoransa suka rine. Ya gwada kanumfari, ya gwada asuwaki, ya sha rubutu kwana bakwai. Ya ba ni kwalin in ɓoye, na sa a tukunyar daddawa, sai ya koma sayen kara ɗaya-ɗaya wurin mai tebur. Da azumi yakan yini lafiya lau, amma ana kiran magariba dabino ɗaya yake ci ya nemi ashana. Ban taɓa yi masa faɗa ba. Addu'a nake yi, ina share toka.

Wata rana yana ɗaure buhu ya ce, bai dube ni ba, "Ki aika garinku Maiyama a taho da Inna."

Inna mahaifiyata ce. Shekara tara da aurenmu, bai taɓa cin abinci a gabanta ba. In ta zo, daga zaure yake durƙusawa ya gaishe ta, ya fice.

"Lafiya dai?" na ce.

"Gidan da take ciki, ba ni iya kunna taba."

Inna ta zo da ƙullin kayanta da tasbaha, ba ta san dalili ba. Na shimfiɗa mata tabarma a rumfar tsakar gida, inda ake hango zaure da bayan ɗaki duka. Kwanakin farko sun yi masa wuya. Yakan shigo ya fita, ya sake shigowa, ya yi wa akuya tsawa ba ta yi komai ba. Gida dai ya tsarkaka, amma ranar kasuwar Aliero rigarsa takan dawo da wari biyu, na albasa da na hayaƙi. Ni ke wanki, na sani.

A rana ta goma sha biyu Inna ta ce za ta koma, gyaɗarta na jiran ta. Dole na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana jan tasbaha.

"Ashe magani anka ɗauko ni, ɗiyar nan? Ni ina cewa marmarina kuke yi."

"Har da marmarin, Inna."

"Rufa mini baki. To kasuwa fa, wa ke tsaron shi can?"

Ta aika wa ƙanenta, kawuna, wanda ke awon hatsi a Aliero, cewa surukinta na neman wurin zama kusa da shi. Maigida ya dawo ran kasuwa ya zauna a bakin ƙofa, ya cire hula.

"Kawu ya shimfiɗa mini buzu gefensa," ya ce. "Ko kewayawa na tashi, sai ya ce mu tafi tare."

Daga rumfa Inna ta ɗaga murya, kamar da ni take. "Ki ce wa mutumen nan in ya ga dama ya sha. Ni dai ina nan har gyaɗa ta ruɓe."

Kwana arba'in ta yi. Maƙwabta suka cire mata gyaɗar. Ranar tafiyarta shi ya ɗauki ƙullinta har tasha, yana tafe taku goma a gabanta.

Bai sake sha ba, iyakar sanina. Tarin bai rabu da shi duka ba, lokacin sanyi yakan dawo. Amma da asuba ya daina dafa bango, yana ɗaukar butarsa da kansa.