Yadda Gwaggo Mai Kitso Ta Ƙago Malzira

Tun da Gwaggo mai kitso ta buɗe shago ba a taɓa jin ta ce "ban sani ba." Ɗan ɗaki ne, da benci ɗaya, da madubi mai tsaguwa a gefe, da kanta cike da kwalaben man gashi. Hannunta na kan kai, bakinta na kan duniya. Bayan kitso, abin da aka fi saninta da shi fassara suna ne. Duk sunan da 'yan zamani suka ƙago, ko da rabin na uba ne aka ɗinke da rabin na uwa, sai ta lumshe ido ta ce, "Ai tsohon suna ne wannan." Nan take ta liƙa masa ma'ana.

Wata rana matar wani direba, da tsohon cikinta, ta hana ta sakat.

"Gwaggo, don Allah ki ba ni sunan da babu mai shi a unguwar nan."

Gwaggo ta gaji, yatsunta sun ƙage. Ta ɗaga kai, idonta ya sauka kan kwalbar maganin kwarkwata da ke can saman kanta. Sai kawai ta karanto abin da ke jikinta.

"Malzira."

"Kai, ya yi daɗi! Me yake nufi?"

"Mai korar damuwa daga kai."

In za a yi adalci, ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya.

Matar ta haifi mace, ta sa mata. Kafin ka ce kwabo sunan ya cika unguwa. Wata ma ta ga ya yi mata kama da na talakawa da yawa, ta rubuta na 'yarta Malzeerah, tana cewa nata na asali ne. In Gwaggo ta ji ana ƙwala wa yara kira a layi, sai ta juya wa madubi baya ta yi ta dariya har da hawaye.

Ana nan sai autanta, mai gyaran waya, ya faɗo shago yana washe baki.

"Inna, an sauka lafiya! Mace. Har mun zaɓi suna, Malzira."

Kibiyar tsaga gashi ta suɓuce daga hannun Gwaggo.

"Kai, sunaye sun ƙare ne a duniya?"

"Haba Inna, daga bakinki fa ya fito. Ko akwai matsala ne?"

Gwaggo ta dubi benci. Mata sun cika shi, biyu daga ciki iyayen Malzira ne, duk sun zubo mata ido. Ta sunkuya ta ɗauki kibiyarta.

"Babu komai. Allah ya raya."

Yarinya ta girma, ga baki irin na kakarta. Gwaggo dai ba ta taɓa kiran sunan ba, sai "Uwar ɗakina." Ranar da jikar ta tambaye ta dalili tana zaune tsakanin ƙafafunta ana yi mata kitso, Gwaggo ta dungure mata ƙeya.

"Zauna daidai, kin sa tsagar ta karkace."