Ranar da Inna ta fara ganin garin rogo

"Baiwar Allah, yashi za mu ci?"

Inna ce ta yi tambayar, tana leƙa ƙwaryar da wata Badendiya, 'yar ƙabilar yankin, ta miƙo mana a bakin gulbin Gaya. Yau da na ga ana sauke buhunan garin rogo daga jirgin ruwa, sai abin ya faɗo mini a rai.

Shekarar yunwa ce, zamanin Faransa. Ina yarinya muka taso daga arewa a ƙafa, muka binne ƙanena a hanya. Tun daga ranar fuskar Inna ba ta ƙara sakewa ba. Mu kuwa gero muka sani, ba rogo ba.

Matar ta ce da guntuwar Hausarta, "Yashin Dahome ne, 'yar'uwa. Tsaya ki gani."

Ta zuba ruwa. Sai ga abu yana kumbura har ya kusa cika ƙwarya! Inna ta ja da baya tana salati, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Muka ci muka ƙoshi.

Matar ta ba mu ɗaki. Damina ta yi kyau, muka zauna. Daga baya ɗanta na aura, yau jikokinmu sun cika gida.

Ku fa, wa ya tarbe ku ranar da ba ku da kowa?