Yaron da Aka Kawo Mini Yaye

An kawo mini shi da hantsi wata ranar Alhamis, ina ɗaure kayana zan fita kasuwa. Ƙanwar uwarsa ce ta goyo shi tun daga Sabon Gari har ɗakina a Birni. Ta kwance shi ta zaunar a tabarma, ta ce, "Inna, ga angonki nan, an ce ki yaye shi." Ta sha ruwa, ta sulale ta fita tun bai ankara ba.

Lokacin Nasara suna nan da mulkinsu a Damagaram, amma an fara raɗe-raɗin za su tafi. Ni wannan bai dame ni ba. Mijina ya rasu, ɗa guda da Allah ya bar mini ya samu aikin gidan waya ya tare da matarsa a Sabon Gari, gida ya rage daga ni sai awaki. Dillanci nake yi. In shiga gidan matan kulle in karɓi zane ko tasa ko murjani, in kai wani gidan in sayar, in ɗauki la'adata. Ba wanda ya koya mini, ba wanda ya ba ni jari. Da rana bakina ba ya hutawa. Amma in na dawo na tura ƙyaure, ba na sake jin muryata sai gobe.

Sunan kakansa aka sa wa yaron. Ni ban taɓa kiran sunan mijina ba yana raye, ba zan fara a kan jariri ba, saboda haka Maigida nake ce masa. Uwarsa ma ba ta da bakin kiransa: ɗan farinta ne, ga shi kuma da sunan surukinta. In ta zo maganarsa sai ta ce "wancan".

Kwanakin farko na sha wuya. Na karɓo masa rubutun yaye wurin malamin unguwa, ya sha ya furzar. Na dama kunun gyaɗa, ya ture ludayin. Da kukan ya ishe ni na ba shi nonona, wanda ya daɗe da bushewa. Ya ja, ya ja, sannan ya saki ya dube ni, irin kallon da mace take yi mini in ta gane zanen da na kawo mata an taɓa wanke shi. Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida har awaki suka ɗaga kai. Na manta rabon da in yi dariya a gidan nan.

Abin da ya shawo kansa dabino ne. In tauna in saka masa a baki. Daga nan ya karɓi fura, ya karɓi tuwo, ya karɓe ni.

Ba ni da mai riƙe mini shi, sai na riƙa goya shi ina yawon sana'ata, kaya a ka, shi a baya. Matan gidaje suka samu abin yi.

"Dillaliya, ashe aure kika yi ba ki gaya mana ba?"

"Na yi. Ga shi nan, ko cefane ba ya bayarwa, sai ci da fitsari a bayana."

"To ki sayar mana da shi mana."

"Wannan ba na sayarwa ba ne. Ku dai taya tasa."

Ciniki ma ya ƙaru, in gaya muku gaskiya. Macen da take wasa da yaro ba ta tsananta tayi.

Akwai hanyar da na daina bi tun rasuwar mijina, wadda ta ratsa ta majema, inda ake jeme fatu. Wata rana rana ta yi zafi, yaron ya yi nauyi, na ce bari in yanke ta nan. Warin bagaruwa da ɗanyar fata ya buge mu, sai na ji ya yi atishawa a bayana ya cusa fuska cikin wuyana. Na ce, "Au, kai ma? To kakanka a cikin warin nan na tsince shi." Ban shirya faɗi ba, maganar ce ta fito da kanta. Daga ranar kullum ta nan muke bi, ina ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba. Ba ya ganewa, shi ya sa na iya faɗa.

Ina budurwa alkaki nake talla. Muna zama a jere mu 'yan mata a bakin kasuwa, kowa da faifanta. Akwai wani saurayi majemi, dogo, ɗan wajen ƙauyen Gaffati, da yake zuwa duk ranar kasuwa. Bai taɓa tsayawa a gabana ba. Wurin ƙawata mai dakuwa yake tsayawa, ya yi ta tayi, ya saya, ya tafi. Ƙawata har ta fara sa kwalli dominsa, tana kuma toshe hanci in ya juya baya. Ni ce na lura da abin da ba ta lura ba. Bai taɓa cin dakuwar ba, yaran kasuwa yake miƙa wa. Hannayensa da jan rini ya kama yana ɓoye su cikin hannun riga. Kuma duk inda iska take kaɗawa, sai ya zagaya ya tsaya ta inda za ta ɗauke warinsa ta yi gaba da shi, kada ta kawo mini. Yana duban faifan dakuwa, yana duban ƙasa, yana duban jakunan da ke wucewa. Ni kaɗai ce ba ya duba.

Na bar shi ya yi ta yi har damina ta wuce. Da na ga in an bar shi zai tsufa yana sayen dakuwa, ranar nan yana zuwa sai na ɗauki faifaina na zagaya bayansa, na zauna daidai inda iska take kai warin. Na ce, "Malam, na ji warin, ban mutu ba. Yanzu za ka sayi alkaki ko kuwa?"

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Ban iya cin zaƙi ba."

Na ce, "Dakuwar fa, gishiri ce?"

'Yan mata suka fashe da dariya. Ya sa hannu zai ɗauki alkaki, ya tuna jan hannunsa, ya mayar. Ni na ɗauka na ɗora masa a tafin. Kafin kaka ta zagayo manyansa sun zo gidanmu. Uwata ta ce duk samarin Birni na rasa wanda zan kawo mata sai mai wari. Na ce mai warin ne ya san inda iska take.

A wurinsa na koyi abin da na ci abinci da shi duk rayuwata. Mai son abu da gaske ba ya dubansa, gefensa yake duba. In na baza kaya mace ta yi ta yabon zane, ba za ta saya ba. Wadda ta ɗaga duk tasoshi ta bar guda ɗaya ba ta taɓa ba, wannan guda ɗayar take so.

Yaye kwanaki ne, in yaro ya manta nono sai a mayar da shi. Ni ban mayar ba. Na san lissafina sarai. Uwarsa ba za ta iya buɗe baki ta ce a ba ta ɗan farinta ba, duk garin za a yi mata dariya a ce ba ta da kunya. Ubansa ma haka. Sau ɗaya ɗana ya gwada, yana sosa ƙeya.

"Inna, yaron nan ba ya hana ki sana'a kuwa?"

"Wa ya kawo maka ƙara?"

"Babu."

"To gai da mutanen gida."

Shi ke nan. Yaron ya ƙarasa fitar da haƙora a gidana, ya koyi magana a bayana. Kalmar da ya fara faɗa sosai "albarka" ce, don ita ya fi ji a bakina in an yi mini tayin banza. Ya sauka daga goyo ya koma riƙe gefen zanena. In na dawo gida na tura ƙyaure, akwai mai tambayata me ya sa akuya take da gemu.

A cikin shekarun nan surukata ta haifi 'ya mace, ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta yi zama ba. Daga nan ba ta sake haihuwa ba. Takan zo gaishe ni ranar Juma'a da ƙwaryar fura. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ina gajiya? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, 'yar nan."

"Awakin suna lafiya? Jar ta haihu?"

Sai ta tambayi awaki, ta tambayi kaji, ta tambayi maƙwabciyata mai ciwon kurkunu, ta tambayi rijiyar unguwa ko ta ƙafe. Yaron yana gabanta yana wasa da gwangwani, ba ta ko juya ido wajensa. In za ta tafi sai ta tsaya wajen igiyar shanya, ta cire 'yar rigarsa ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, ta ce, "Rana za ta cinye ta." Ni da nake karanta fuskar mata tun safe har yamma, ba zan ce ban gane ba. Na gane tun zuwan farko. Na dai kau da kai, don ina da bukata ni ma.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, Nasaran biro, wato na ofisoshin gwamnati, suka fara tattara kayansu, aka shiga neman 'yan ƙasa masu ilimi a Yamai, babban birnin ƙasa. Aka ce ɗana yana cikin waɗanda za a mayar can. Gari yana ta kiɗa da tutoci, ni ina lissafin nisan hanya. Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, mace za ta iya zuwa duk Juma'a ta ninke riga. Yamai kuwa kwana da kwanaki ne a bayan kamyo, babbar motar kaya, wanda ya tafi sai an gan shi.

Juma'ar ƙarshe ta zo sallama. Ta tambayi awaki, ta tambayi kaji. Ta je wajen igiya, ranar ba a yi wanki ba, babu komai a kai. Ta tsaya tana riƙe da igiyar. Sannan ta ce, "Inna, a yafe mu," ta fita da sauri.

Ba ta roƙa ba, kuma ba za ta roƙa ba har ta mutu. In na yi shiru yaron nawa ne. Na zauna na auna abin ta kowane gefe kamar yadda nake auna kaya. Ni na ci rabona na miji, na ci na ɗa, ga na jika na ɗanɗana. Ita za a kai ta garin da ba ta jin yarensu, ba uwa, ba ƙanwa, ɗaki wayam.

Amma ba a miƙa wa mace ɗan farinta a ce ga shi don kina so. Kunya za ta sa ta ƙi, kuma ƙin gaske. Sai dai a ɗora mata shi kamar kaya, a gaban shaidu, yadda za a ce dole aka yi mata.

Ranar tafiya na ɗaure 'yan kayansa a ɗankwali, na kama hannunsa muka tafi Sabon Gari. Gidan cike da matan unguwa ana ɗaure tukwane. Tun daga zaure na ɗaga murya.

"Ina matar gidan? Zo ki karɓi kayanki, ni na gaji!"

Ta fito tana gyara mayafi. "Inna, lafiya?"

"Ina lafiya? Ƙafata ta mutu, cinikina ya lalace. Jiya ya fasa mini kwalbar turaren mutane, sai na biya. Ni ba zan iya ba, ku tafi da abinku."

"Inna, ni ina zan kai shi? Ki bar shi wurinki, ya saba da ke."

Wata tsohuwa a cikin matan ta gane wasan, ta karɓe. "Ke 'yar nan, ba ki da tausayi? Tsohuwa ta ce ta gaji, sai ta faɗi a hanya?"

"To, tunda kun ce," in ji surukata, idonta a ƙasa.

Duk wanda ke wurin ya san abin da ake yi, ban da mutum ɗaya. Na manta cewa ya girma, yanzu yana gane magana. Ya ja gefen zanena, ya ɗaga kai.

"Kaka, ba ni na fasa ba. Akuya ce."

Akuyar ce kuwa, a gabana ta ture kwalbar. Amma in na sassauta murya a nan, uwarsa za ta ce a bar shi, kuma ba ni da ƙarfin sake yin wannan sau biyu. Na ce, "Kai da akuyar duk ɗaya ne." Na zare zanena daga hannunsa.

Bai yi kuka ba. Ya sake ni, ya je ya zauna a kan ƙullin tabarmi.

Na raka su tasha tare da sauran mata. Aka loda kaya a kamyo, mutane suka hau kan buhuna. Surukata ba ta ɗauke shi ba, ta bar shi a cinyar wata mata mai zuwa Takieta, ita ta juya fuska wajen duwatsun gari. Na ce, "Maigida, ba sallama?" Ya dubi tayar mota. Da direba ya tayar, motar ta girgiza, sai na ga hannu ya fito ta ƙarƙashin mayafinta, ya laluba a kan buhu, ya kama ƙafar yaron. Fuskarta tana can wajen duwatsu. Haka suka wuce.

Ban shiga gidan kowa ba ranar. Na koma Birni, na ba awaki dusa, na share tsakar gida ko da ba ta yi datti ba. Da la'asar na ɗauko ƙaramar tukunya zan tuƙa tuwon mutum ɗaya, na tarar na manta awon garin. Ya yi ruwa. Na zauna a bakin murhu na sha shi da ludayi.