Shekarar da Kakana Ya Kori Shanun Maƙwabta

Jiya da hantsi wata maƙwabciyata a nan Wunti ta soya man shanu da albasa. Ƙamshin ya hauro katanga ya same ni ina tsintar shinkafa, sai na ji hannuna ya tsaya cak a cikin faranti. Ka san akwai ƙamshin da ba a hanci kaɗai yake tsayawa ba. Wannan ɗaukata ya yi ya dire a tsakar gidan kakana, can gefen Miri, tun birnin Bauchi bai miƙe ƙafa ya kai wajen ba, ina yarinya 'yar shekara tara ko goma.

A hannun kakannina na tashi. Kakana Bafulatani ne da ya gaji da yawon kiwo, ya kafa gida a bakin gonakin mutane, ya yi garke a bayan gidan ya kewaye shi da shingen ƙaya. Dogo ne siriri, magana kuwa sai ka ce sayenta yake yi. Yana jin Hausa, amma ba ta taɓa zauna masa a baki ba. Mace ma "ya zo" yake ce mata. In ka tambaye shi shanu nawa gare shi, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi." Iyakar amsar da za ka samu ke nan.

Maƙwabtanmu duk manoma ne, kuma zaman ya yi daɗi. Da kaka, in an gama girbi, kakana yakan kai shanu gonakinsu su ci kara da harawa, su bar musu taki. Su kuma duk mai shanun huɗa ko 'yan tumaki, wajen kakana yake ajiye su, a wani ɓangare na garken da ya ware musu. Babban amininsa shi ne dattijon da ke gidan gabas da mu, gajere mai tumbi mai yawan dariya, muna ce masa Baba, matarsa kuma Iya. Kullum safiya ni ke kai ƙwaryar nono gidansu, kuma Iya ba ta taɓa barin ƙwaryar ta dawo haka nan ba: yau gero, gobe daddawa, jibi kuka. Bayan la'asar tsofaffin biyu su zauna gindin ɗorawa, Baba na zuba, kakana na tufkar igiya.

"Kaɗo, bakinka ba ya gajiya?" in ji kakana.

"Naka ne ya huta da yawa, Fillo, shi ya sa nake yi mana mu biyu."

A shekarar da nake ba ka labari, ruwa ya sauka da wuri. Ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta fara tsirowa, kowa na gyaran garma. Wata safiya na bi kakana garke riƙe da ƙwaryar tatsa, sai muka tarar da wata farar saniya da yake ji da ita ta tsaya gefe, yawu na dalala daga bakinta har ƙasa. Ya kama ta ya buɗe bakin, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗaga ƙafarta ya duba kofato. Ya wanke hannunsa da toka, ya nufi ɓangaren dabbobin maƙwabta ya kwance su duka, ya wanke musu ƙafafu, ya kora su waje. Gida gida ya bi yana mayar wa kowa nasa, ni ina biye da shi.

A ƙofar gidan Baba ne na ji abin da har yau nake iya maimaitawa.

"Lafiya, Fillo, da sassafe haka?"

"Lafiya. Ka riƙe kayanka. Kada ya ƙara zuwa wajen nawa. Kai ma kada ka zo."

Ya miƙa masa igiyar bijimai biyun ya juya. Na waiga na ga Baba tsaye da igiya a hannu, baki buɗe, dariyar da ya fito da ita ta bushe masa a fuska.

Da muka koma gida kakana ya hana a fitar da nono ko cokali ɗaya. Ni kuma ya ce kada in shiga gidan kowa, kada in faɗa wa kowa abin da na gani. Sai da na girma kakata ta fahimtar da ni dalili. Boru ne ya shiga garken, ciwon nan na baki da kofato mai bin dabbobi kamar wutar daji. A wajen mutanensu ba a kiran sunan ciwo irin wannan, wai kiransa gayyata ce. Ban da haka, makiyayin da shanunsa suka kwanta ji yake kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, shi a ransa gani yake ya yi bayani ya gama. Ya raba musu dabbobinsu da ciwo, ya gargaɗe su kada su zo su kwasa a ƙafa. Me kuma ya rage?

Amma mutanen unguwa ba haka suka ji ba. An mayar musu da dabbobi ana gab da huɗa, ba su da turke, ba su da abin ba su. 'Ya'yan Baba sai sun bar gona sun tafi yankan ciyawa. Zance ya fara yawo. Wasu suka ce wani attajiri daga cikin gari ya ba kakana shanu kiwo, shi ya sa ya raina na talakawa. Wasu suka ce zarginsu yake yi da yi wa shanunsa baki. Akwai ma wanda ya rantse wai ɗan maraƙi ne ya ɓace, yana tuhumar yaran unguwa. A masallaci in ya yi gaisuwa sai a amsa a taƙaice. Gindin ɗorawa ya zama kango. Har muka ji ƙishin-ƙishin wai za a kai magana wurin mai unguwa, a ce garken ya dame su da ƙuda da wari, a tashe shi.

A cikin shinge kuwa abin ba kyan gani. Cikin kwana kaɗan ciwon ya zagaye garken. Shanu suka daina fita kiwo, domin ƙafa ba ta takuwa, baki kuma duk gyambo, busasshen abu ba ya ciyuwa. Ba ka jin komai sai tsotsar baki da nishi da ƙugin ƙuda. Kakana shi kaɗai yake yanko ciyawa, shi yake wanke musu baki ɗaya bayan ɗaya, kakata na dama musu ɗan abin da ya rage na dusa. Ina tsoho ɗaya zai ciyar da garke guda da lauje? Nono ya ƙafe. 'Yan maruƙa suka fara mutuwa. Akwai doguwar igiya mai zarge-zarge da ake ɗaure su a jiki, dangwali muke ce mata. Kullum na duba sai in ga wani zargen babu wuya a ciki. Kakana ya daina cin abinci. In kakata ta ajiye masa akushi sai ya ce, "Su ba su ci ba."

Wajen sati biyu ana haka, na je rijiya ɗiban ruwa na yi kiciɓis da Iya. Na sunkuyar da kai zan wuce.

"Ke 'yar nan, har ke ma? Gaisuwar ma an hana ki? To ki gaya wa kakarki, ko da nononku aka yi ruwan duniya mun haƙura, amma zumunci ba a yi masa haka."

Ban san sa'ad da kuka ya ƙwace mini ba.

"Iya, ai babu nonon ne. Bakinsu duk ya farfashe, ba sa iya tashi. 'Yan maruƙa huɗu sun mutu, Kaka ma ba ya cin tuwo."

Ta saki guga har igiyar ta kusa bin shi cikin rijiya.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka mayar muku da naku."

Ta yi salati ta sake yi. Ta share mini fuska da bakin zanenta, ta ɗora mini tulu a ka, ta ce in tafi gida. Na tafi a tsorace, domin na karya maganar kakana, ban kuma faɗa wa kowa a gida ba.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, sai muka ji hayaniya. Na leƙa ta shinge na hango maza sun fi ashirin suna tahowa, kowa da lauje a hannu, Baba a gaba, mai unguwa na biye. Kakana ya gan su. Ya ajiye ƙwaryar da yake wanke bakin saniya da ita, ya fita ya tsaya a ƙofar garke, ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Ban taɓa ganinsa ya tsufa kamar ranar ba.

"Na san abin da ya kawo ku," ya ce. "Ku ba ni kwana goma. Yanzu ba ya iya tafiya. In ya miƙe, zan tashi."

Baba ya matso har suna jin numfashin juna.

"Ka tashi ka je ina? Fillo, shekara ashirin muna zaune da kai, ka bar ni sati biyu ina zaginka a zuciya, ina ɗaukar alhakinka? Dukiyarka na mutuwa a bayan katangata ban sani ba?"

"Na faɗa maka."

"Me ka faɗa mini? Cewa ka yi in riƙe kayana!"

"To. Ai shi ke nan."

Wani daga baya ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka, har mai unguwa. Baba na dariya yana share ido da hannun riga. Kakana dai ya tsaya yana kallonsu, sai a hankali ya lura da matan da ke tafe a bayan maza, ɗauke da ƙwarya-ƙwaryar dusa da kanwa da gishiri da dakakkiyar bagaruwa. Ya mayar da malafarsa kai, ya ja ta ƙasa sosai har ta rufe masa ido.

Kada ka ɗauka daga nan ya buɗe musu ƙofa. Da samari suka yunƙura za su shiga, gitta sandarsa ya yi. Amma wannan karon ya ƙara kalma uku a kan na da: "Yana bin ƙafa." Sai aka yi shawara a nan tsaye. Kowace safiya kafin a tafi gona, samari su yanko ɗanyar ciyawa mai laushi daga bakin rafi su jefo ta saman shinge. Mata su jiƙa dusa su ajiye a ƙofa, ni da kakata mu shigar. Mai unguwa ya aika cikin gari aka ɗauko malamin dabbobi a babur. Ya duba, ya ba da magani, ya nuna yadda za a riƙa wanke kofato. Da ya ji labarin yadda aka mayar da dabbobin maƙwabta tun safiyar farko, ya ce wa mutane ba don haka ba, da bana da fartanya za su yi huɗa. Har wata matar soja daga barikin Shadawanka, wadda ta saba sayen nono wurin kakata, da ta ji labari ta zo da kwalbar zuma, wai a garinsu da ita ake shafa wa bakin dabba.

Baba kuwa ya ɗauko tabarmarsa daga gindin ɗorawa ya shimfiɗa a wajen shinge. Bayan la'asar yana zaune a waje yana zuba, kakana na ciki yana aiki, ƙaya a tsakaninsu. Shi ne ma ya matsa masa ya koma cin abinci. Ya rantse in kakana bai buɗe akushi ba, shi ma ba zai ci na gidansa ba, ga shi kuwa kowa ya san Baba da ciki.

Ni dai ina ta jiran hukunci, domin na san Iya ba ta iya riƙe zance. Kwana uku shiru. A na huɗu ina miƙa masa ruwan kanwa, bai ko dube ni ba ya ce, "Amarya, bakinki ya fi nawa amfani." Haka yake kirana in yana cikin raha. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Kafin gero ya fitar da kai shanu suka miƙe. Mun rasa 'yan maruƙa da dama da tsofaffin shanu biyu, amma garke ya tsaya, farar saniyar ma ta tashi. Bayan girbi kakana ya zaɓi karsana mai kyau ya kai ya ɗaure a ƙofar gidan Baba, ya dawo abinsa. Ba a jima ba sai ga Baba yana jan ta yana huci, wai shi za a biya ladan ciyawa? Kakana ya sake mayarwa. Baba ya sake dawowa da ita. Sai da kakata da Iya suka shiga tsakani, aka tsaya a kan karsana ta Baba ce, amma a garkenmu za ta zauna. Kowannensu ya tafi yana ganin shi ya yi nasara.

Bara na je Miri suna. Na yi ta neman inda gidanmu yake har na gaji. Ko'ina gidajen bulo ne da ƙarar babura, inda nake zaton nan ne garke wani yaro ya buɗe shagon cajin waya. 'Ya'yana sun tashi a zamanin da in aka ambaci makiyayi da manomi a rediyo, sai a saurari labarin asara. In na ba su wannan labari suna yi mini kallon mai tatsuniya. A gidan sunan wata dattijuwa ta yi ta kallona, can ta kama hannuna ta ce ko ni ce jikar mai shanu. Ashe autar Baba ce. Muka zauna a ƙuryar ɗaki muna lissafa waɗanda suka riga mu. Da zan tafi ta rako ni har bakin titi, ta ce mahaifinta ya rayu shekara takwas bayan kakana, kuma duk wanda ya kawo masa ƙarar maƙwabci, ba ya barinsa ya gama. Sai ya ce, "Je ka tambaye shi tukuna. Ni mutumin da ya fi kowa ƙaunata a duniya, har ƙofar gidana ya zo ya kore ni daga nasa."