Lasifikar da Ya Liƙe da Ƙaro

Yau lasifikar masallacinmu na Kabo ta shaƙe ana kiran Azahar, sai na tuna tsohon mai gyaran rediyo na Gwarzo.

Shekarar da Shari'a ta zo, kiɗan biki ya mutu, na kai masa amfilifayata ta kiɗan da yagaggiyar lasifikar nan.

"Baba, ɓalle su ka ɗebi na ɗiba. Na gaji."

Shagonsa na ta ƙaurin dalma. Sababbin kaya sun gagari kowa, sai ya liƙe yagar da ƙaro da ƙyallen rawaninsa.

"Ɗana, tsohon abu lallaɓa shi ake yi. Kai wa limaminku."

Da ita aka sanar mana da rasuwarsa, murya tangaran. Yanzu wa zan kai wa?

Allah Ya rufa masa asiri, Ya sanyaya makwancinsa.